BAYANI: Yadda ake gano abin da ke ƙona injinan masana'antu da na gidajen ruwa

Duk lokacin da famfo ya ƙafe a unguwa kwana da kwanaki, ko kamfanin casar shinkafa ya sallami ma'aikatan dare, bayanin da aka fi ji gajere ne: inji ya ƙone. Da wannan jimla ake rufe magana. Sai a rubuta takarda, a ware kuɗi, a sayo sabo ko a kai tsohon wurin masu naɗi. Bayan 'yan watanni kuma a sake jin jimlar, a kan inji ɗaya, a ɗaki ɗaya.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce me ya ƙona shi. Tana da amsa, kuma injiniyoyi suna da hanyoyin samo amsar da aka daɗe da tantancewa, mafi yawansu da kayan awo da kuɗinsu bai kai na injin da ake maye gurbinsa ba. Idan kamfani mai zaman kansa ya ƙi yin tambayar, aljihun mai kamfani da albashin ma'aikata ne ke ɗaukar asarar. Idan hukumar gwamnati ce, baitulmali ne ke biya, jama'a kuma su koma sayen ruwan 'yan garuwa.

Sarƙar da ake kira inji

Abin da ake kira inji a masana'anta sarƙa ce mai gaɓoɓi. A tsakiyarta akwai motar lantarki, wadda masu sana'a ke ce wa mota kawai, duk da ba ta da alaƙa da abin hawa. Ganga ce ta ƙarfe, a cikin bangonta an naɗe wayoyin tagulla kashi uku, a tsakiya kuma akwai curin ƙarfe da ke juyawa a kan boris biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Wuta mai layi uku, wadda ake kira fes uku, tana shiga naɗin ta haifar da maganaɗisu mai kewayawa, shi kuma ya ja curin ya juya. Tun ƙarshen shekarun 1880, zamanin Nikola Tesla, asalin tsarin bai sauya ba. Irin wannan mota ce ke juya injinan Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, ita ce ke tura ruwa daga matatar Tamburawa, ƙanwarta kuma ita ce sumo da ke ƙasan rijiyar burtsatse. Wani nazari da Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta fitar a 2011 ya ƙiyasta cewa injinan da motocin lantarki ke juyawa suna shan kashi 43 zuwa 46 cikin 100 na duk wutar da ake amfani da ita a duniya.

Kafin mota akwai taransifoma da layin wuta, ko janareta. A masana'antu da dama yanzu akwai kuma na'urar sarrafa gudu, wadda ake kira diraif ko VFD. Aikinta mataki uku ne: ta karɓi wutar layi ta mayar da ita wuta mai tafiya a fuska ɗaya, ta tara ta a manyan kafasita, sannan ta yayyanka ta sau dubbai a daƙiƙa guda ta miƙa wa mota a saurin da ake so. Amfaninta a fili yake. A famfon tura ruwa ko fanka, rage gudu zuwa kashi 80 cikin 100 yana rage ƙarfin da ake buƙata zuwa wajen rabi. Ita ce kuma ke cikin akwatin da ke haɗa farantan sola da sumo a rijiyoyin ƙauyuka.

Bayan diraif akwai kebul, bayan mota kuma akwai kayan da take ja: famfo, bel, dutsen niƙa, injin matse mai. Kowace gaɓa tana iya zama tushen cuta, amma kusan kullum a jikin mota ake ganin hayaƙi. Shi ya sa ita ake kamawa da laifi, a bar jaki ana dukan taiki.

Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya

Binciken kirki yana farawa da tambayoyi. Yaushe injin ya tsaya: lokacin tayarwa, yana tsakiyar aiki, ko lokacin da ake rage masa gudu? Da tsakar rana ne ko da asuba? A kan wutar layi yake ko a kan janareta? Me aka sauya a makonnin baya: kebul, bel, mai ba da giris, ko yawan kayan da ake ɗura masa? Sauran injinan da ke kan layi ɗaya da shi sun nuna wata alama? Idan mota uku suka ƙone a reshe ɗaya cikin shekara guda, da wuya a ce dukkansu aka ƙera da aibi.

Wanda ya fi kowa sanin amsoshin shi ne ma'aikacin da ke zaune gaban injin, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Sau da yawa ma tsoro ke hana shi magana, domin a wurare da dama bincike yana nufin neman wanda za a cire wa albashi. Inda haka take, ba a samun labarin gaskiya na yadda aka yi ta danna maɓallin sake tayarwa sau biyar kafin hayaƙi ya tashi.

Diraif yana da littafin tarihi a cikinsa. Duk lokacin da ya yanke wuta, yana rubuta lambar dalili, mafi yawan na zamani kuma suna haɗawa da yawan wutar da ake ja da saurin mota a daidai lokacin. Wannan ita ce shaida mafi daraja a ɗakin, kuma ita ce ke fara salwanta, domin abu na farko da mai gaggawa ke yi shi ne ya mayar da na'urar saitin kamfani. Akwai kuma batun rai: kafasitocin diraif suna riƙe da wuta bayan an kashe shi. A layin bolt 415, abin da ke tare a cikinsu ya haura bolt 550. Masu ƙera su suna rubuta a jikin murfi cewa a jira mintuna kafin a buɗe, ƙwararre kuma ba ya yarda da agogo kaɗai sai ya auna.

Wutar da ke shigowa

A Najeriya, bincike bai cika ba idan ba a fara da wuta ba. Mota mai fes uku tana buƙatar layukan uku su zo da ƙarfi daidai wa daida. Ga misali: an auna an samu bolt 415 da 405 da 390. Matsakaicinsu wajen 403 ne, wanda ya fi nisa da shi kuma ya kauce da bolt 13, wato kashi 3.3 cikin 100. A ido ƙaramin abu ne, ƙwan fitila ma ba zai nuna ba. Amma bisa ƙa'idar ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta Amurka, NEMA, rashin daidaiton da ke bayyana a wutar da mota ke ja yakan ninka wannan sau shida zuwa goma, zafin naɗin da abin ya fi shafa kuma ya ƙaru da sama da kashi 20 cikin 100. Ƙa'idar ta ce da zarar bambancin ya wuce kashi 1 a fara rage wa mota kaya, idan ya wuce kashi 5 kuwa kada a tayar da ita.

Daga ina bambancin ke zuwa? Wani lokaci daga cikin masana'antar ne: ƙusar haɗi ta saki, ko bakin kwantakta ɗaya ya cinye. Wani lokaci daga waje ne. Duk wanda ya tashi a birnin Kano ko Kaduna ya san al'adar canza fes, inda kowane gida ke cire fis ya mayar layin da ya fi haske. Idan unguwa ta taru a kan layi ɗaya, injin niƙa ko sumo da ke kan taransifomar ne zai biya. Akwai dabara mai sauƙi ta rarrabewa: a zagaya wayoyin uku a bakin mota, kowace ta matsa gurbi ɗaya ta yadda juyin ba zai sauya fuska ba, a sake aunawa. Idan yawan jan wuta ya bi wayar layi, cutar daga wuta take. Idan ya tsaya a kan naɗi ɗaya na mota, cutar tana cikin mota.

Mafi muni shi ne fes ɗaya ya ɗauke baki ɗaya, kamar idan fis guda ya tsinke a taransifoma. Motar da ke gudu ba ta tsayawa nan take. Takan ci gaba da juyawa tana gurnani, layuka biyun da suka rage suna ɗaukar nauyin uku, har naɗi ya dahu. Akwai ƙaramar na'ura da ke ganin haka ta yanke wuta cikin daƙiƙa, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da mota. Rashinta a akwatin wuta, ko samunta an zagaye ta da guntun waya, shi kaɗai ya isa ya zama sakamakon bincike.

Sai ɗauke wuta da dawo da ita. Motar da ake tayarwa kai tsaye daga layi tana jan wuta ninki shida zuwa takwas na abin da take ja a aiki. Shi ya sa manyan motoci ke da iyakar yawan tayarwa, galibi sau biyu a jere idan suna da sanyi, sau ɗaya idan sun ɗau zafi. A ranar da wuta ta ɗauke ta dawo sau goma, ana tsallake wannan iyaka tun kafin azahar. Haka kuma idan aka sauya daga layi zuwa janareta mota tana kan juyawa, sabuwar wutar kan iya cin karo da ragowar maganaɗisun da ke cikinta, ta fizge sandar juyi da ƙarfin da kan karya mahaɗi.

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin wuta ga rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, bisa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana. Ma'aunin rukunin sa'o'i ne. Ba ya cewa komai a kan ko layukan uku sun zo daidai, ko sau nawa wutar ta yi ƙasa ta dawo. Masana'antar da ke son ta yi jayayya da kamfanin rarraba wuta kan ingancin abin da take saya tana buƙatar na'urar da ke naɗar bayanan wuta dare da rana na tsawon mako. Awo ɗaya da safe, lokacin da unguwa ba ta kunna komai ba, ba ya tabbatar da kome.

Janareta ma ba mafaka ba ne a kowane hali. A watan Oktoban 2024, lokacin da mafi yawan jihohin Arewa suka yi sama da mako guda cikin duhu bayan matsalar layin Ugwuaji zuwa Apir, alhali an riga an lalata na Shiroro zuwa Kaduna, duk masana'antar da ta yi aiki a kan dizal ta yi shi. Diraif ba ya shan wuta a hankali, kurɓa yake yi, wannan kurɓar kuma tana murɗa surar wutar, ta cusa mata wasu kaɗe-kaɗe masu ninki biyar da ninki bakwai na asalin 50Hz. Babban layi yana iya haɗiye su. Janaretan da girmansa ya yi kusa da na kayan da yake ɗauka ba ya iyawa, sai ya yi zafi, ƙarfinsa ya riƙa rawa, diraif ya riƙa yankewa ba tare da wani abu ya same shi ba.

Abin da naɗin da ya ƙone ke faɗa

Idan mota ta riga ta ƙone, ba a makara ba. Yadda ta ƙone ɗin shaida ce, kuma mai ido yana karanta ta kamar yadda likita ke karanta hoton ƙashi.

Idan aka buɗe aka ga naɗin uku duk sun yi baƙi daidai da juna, zafi ne ya dafa su gaba ɗaya: ko kaya ya yi yawa, ko wuta ta yi ƙasa, ko iska ba ta shiga. Idan kashi biyu suka ƙone ɗaya yana nan da ƙyallinsa, ko ɗaya ya ƙone biyu suna lafiya, gwargwadon yadda aka haɗa naɗin, to fes ne ya ɗauke. Idan dukkansu sun sauya launi amma ɗaya ya fi duhu, rashin daidaiton layuka ne na tsawon lokaci. Idan kuwa naɗin duka tsaf yake sai tabo guda inda tagulla ta narke, rufin waya ne ya huje a wurin, kuma inda tabon yake yana da ma'ana. A bakin ramin ƙarfe, inda waya ke fitowa, yana nuna gogayya da girgiza. A zagayen farko kusa da inda kebul ya shigo, yana nuna bugun wuta mai tsini, irin na tsawa ko na diraif. Idan curin tsakiya ma ya yi shuɗi saboda zafi, an ba motar wuta ne alhali a cije take, ko an yi ta tayar da ita babu hutu.

Duk wannan karatu yana yiwuwa ne kafin mai naɗi ya sa kurfi ya yanke wayoyin. Bayan nan babu sauran shaida sai tagullar da za a kai awo. Hoton waya guda biyar da aka ɗauka kafin yanka sun fi doguwar takardar da za a rubuta daga baya amfani.

Motar da ba ta kai ga ƙonewa ba kuwa ana auna lafiyar rufin wayarta da na'urar da kowa ke kira da sunan kamfanin Megger. Ƙa'idar IEEE 43 ta sa megohm 5 a matsayin mafi ƙarancin abin karɓa ga ƙananan motoci irin na bolt 415. Lamba ɗaya dai ba ta cika faɗar gaskiya ba, jerin awo na wata da watanni shi ke nuna ko rufin yana lalacewa. Kuma dole a cire kebul daga diraif kafin gwajin, domin wutar gwajin tana iya kashe shi. An sha zuwa duba mota a tafi an bar diraif a mace.

Zafi da ƙura

Rufin wayar mota yana da aji, kowane aji da iyakar zafinsa: ajin B digiri 130, ajin F digiri 155, ajin H digiri 180. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar rufin da rabi. Ƙarfin da aka rubuta a farantin jikin mota kuma, bisa ƙa'idar IEC 60034, an lissafa shi ne a kan cewa zafin iskar da ke kewaye da ita ba zai wuce digiri 40 ba. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin inuwa yana haura haka a watan Afrilu, balle cikin ɗakin kwano da injina ke huci. Motar da aka zaɓa daidai-wa-daida da kayanta a kan takarda ta riga ta yi ƙanƙanta a bazara.

Hunturu kuma yana zuwa da nasa. Ƙura tana cike tsagin jikin mota ta zama bargo, tana toshe matatar iskar akwatin diraif, tana kwanciya a kan allunan lantarki. Idan damina ta kawo laima, ƙurar ta jiƙe ta zama hanyar wuta. A kamfanin shinkafa ko na fulawa, dusa tana yin wannan aiki duk shekara. Ƙadangare da ɓera da ke shiga ta ramin kebul da ba a toshe ba su ma suna da kasonsu, duk da ba a cika son rubuta su a rahoto ba.

Akwai wani tarko da diraif ke kawowa. Fankar da ke sanyaya mota a kan sandarta take. Idan aka rage gudu zuwa kashi ɗaya cikin uku, iskar ma ta ragu, alhali kaya irin na bel ko injin matsa yana neman ƙarfin juyi iri ɗaya. Allon diraif zai nuna komai lafiya, mota kuwa tana dahuwa a hankali.

Boris

Manyan binciken da cibiyoyin EPRI da IEEE suka yi a Amurka a shekarun 1980, waɗanda har yau ake kafa hujja da su, sun nuna cewa wajen kashi 40 cikin 100 na lalacewar motoci daga boris take farawa. Boris ya cinye, curi ya sauka ya gogi bango, naɗi ya ƙone, a rubuta cewa matsalar wuta ce.

Shi ma boris ɗin akwai abin da ya kashe shi. Rashin giris yana kashewa, yawan giris ma haka, domin yana cushewa ya yi zafi. Haɗa giris iri biyu da ba sa jituwa, ɗaure bel fiye da kima, dukan boris da guduma lokacin sakawa, da rashin saita sandar mota da ta famfo a layi ɗaya, duk suna barin alama daban a jikin ƙarfen. Na'urar auna girgiza tana ganin su tun kafin kunne ya ji. Girgizar da ke zuwa sau ɗaya a kowane juyi takan nuna nauyi ya karkata gefe guda, mai zuwa sau biyu kuma takan nuna saiti ya kauce. Har karyewar sandunan cikin curi ana iya ganowa ba tare da an buɗe ba: a motar da ya kamata ta yi juyi 1,500 a minti amma take yin 1,470, alamar tana fitowa a wutar da take ja, a 48Hz da 52Hz, gefe da gefen 50.

Wata alama ta musamman ita ce idan aka fasa boris aka ga layuka a jere a hanyar ƙwallayen, kamar an zana da tsinin allura. Wannan aikin wuta ne. Yankan da diraif ke yi yana tara wuta a kan sandar mota, ita kuma ta nemi hanyar ƙasa ta cikin boris, tana tartsatsi sau ba adadi. Ko sau goma aka sauya boris, zai sake mutuwa, har sai an gyara haɗin ƙasa, an sa kebul mai sulke, ko boris mai rufi, ko zoben da ke zubar da wutar sanda.

Lambar da diraif ya nuna

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar lambar da ke kan allo a matsayin hukunci. Lambar tana faɗin abin da diraif ya gani ne, ba wanda ya jawo shi ba. Idan ya ce wutar da ake ja ta yi yawa, yana iya zama famfo ya cije, ko kebul ya huje, ko an ba shi lokacin tashi gajere, ko kuma tun ranar kafawa ba a shigar masa da bayanan farantin mota daidai ba. Idan ya ce ƙarfin wuta ya haura, kuma kullum a lokacin rage gudu yake faɗa, ba laifin layi ba ne: kaya mai nauyi ne ke ci gaba da juya mota, ta zama janareta, ta mayar da wuta cikin kafasita har ta doshi bolt 800. Maganin a tsawaita lokacin tsayawa ko a sa na'urar da ke ƙone rarar wutar.

Hanyar rarrabewa ita ce a raba sarƙar gaɓa-gaɓa. A cire mota a tayar da diraif shi kaɗai. A mayar da mota amma a kwance ta daga kaya. A auna kebul shi kaɗai. Inda cutar ta sake bayyana, nan take. Ko awon ma yana da sharaɗi, domin mitar hannu ta gama-gari tana ruɗewa da yankakkiyar wutar da ke fita daga diraif, ta ba da lambar ƙarya.

Tsawon kebul yana da nasa hatsarin, musamman a rijiyoyin burtsatse masu zurfi. Idan kebul ya yi tsawo, bugun wutar diraif yana kaiwa bakin mota ya dawo ya haɗu da na bayansa, har tsininsa ya kusa ninka abin da ke cikin kafasita, wato sama da bolt 1,000 a kan motar bolt 415. Rufin zagayen farko ne ke fara hujewa. Ana magance shi da matatar wuta a bakin diraif. A takardar kwangila layi ɗaya ce, kuma irin layin da ake fara sokewa ne idan ana neman rage kuɗi. Diraif ɗin ajiya ma yana da sharaɗi: idan ya shekara ɗaya ko biyu a sito babu wuta, kafasitocinsa suna buƙatar a farfaɗo da su a hankali kafin a ɗora masa aiki.

Ta ɓangaren kaya, famfo yana da cututtukansa. Idan ruwa bai ishe shi ta bakin shiga ba, yakan yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, farfelarsa ta rarake. Sumo kuma ruwan da yake ciki ne ke sanyaya shi. Idan ruwan rijiya ya ja baya a ƙarshen rani, ko tun farko an sa sumo da ya fi ƙarfin rijiyar, zai yi aiki a bushe ya ƙone. Sabon sumo a wannan rijiya ba zai ga damina ba.

Mai naɗi

Naɗi ba laifi ba ne. Wani nazari da ƙungiyoyin masu gyaran motoci na EASA da AEMT suka fitar a 2003 ya nuna cewa idan aka bi ƙa'ida, mota tana dawowa da ingancinta. Ƙa'idar ta haɗa da cire tsohon naɗi a tanda mai ma'aunin zafi, da mayar da waya mai kauri iri ɗaya da adadin zagaye iri ɗaya. Inda ake cinna wa gangar wuta a fili don wayoyi su saki, siraran faifan ƙarfen da ke cikinta suna rasa rufin da ke tsakaninsu, motar ta dawo tana zafi ko ba kaya. Idan aka ƙara da waya mai siranta, ko ta alminiyom da aka yi wa fentin tagulla, an shirya ƙonewa ta gaba tun a shago. Mai naɗin kuma yakan yi aiki ne daidai kuɗin da aka ba shi da kwanakin da aka ɗibar masa.

Takardun da ya kamata a nema

A hukumar gwamnati, sayen sabuwar mota kwangila ce mai lamba a kasafi, mai bikin ƙaddamarwa. Binciken dalilin ƙonewa aikin kwana biyu ne na injiniya da mita, babu hoto, babu kaso. Ba sai an yi zargin kowa ba kafin a ga inda tsarin ya karkata. Haka nan kuɗin giris da matatar iska da na'urar kariya suna ƙarƙashin kuɗin gudanarwa na yau da kullum, wanda shi ake fara matsewa, yayin da sauya inji ke shiga manyan ayyuka.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, wasu jihohi kuma sun yi ta jayayya kan ko ta shafe su. Ɗan jarida ko ɗan majalisa ko ƙungiyar unguwa da ke bin sawun kuɗin gyaran injinan ruwa ba sa buƙatar digirin injiniya. Abin nema shi ne lambar jikin motar da aka ce ta ƙone, da ranar da aka kafa ta, da sau nawa aka naɗe ta ko aka sauya ta a shekara biyar. Sai rahoton dalilin lalacewa mai sa hannun injiniya mai rajistar COREN, tare da hotunan naɗi kafin a yanke, da tarihin da aka sauke daga diraif, da littafin awon wuta da na giris na watannin da suka gabata. Sai kuma takardar kwangilar sabon injin: ko ta ƙunshi na'urar ganin ɗaukewar fes, da ta hana aiki a bushe, da gwajin karɓa a gaban ma'aikatan da za su riƙe shi. A ƙarshe, inda aka kai tsohuwar motar da tagullarta, da wanda ya sa hannu aka fitar da ita daga harabar.